'Yar ashirin da biyu: abin da ya sa gwanayen harbi ba sa rabuwa da ƙaramar bindiga mai ƙaramin harsashi

Idan ka tsinci kwanson harsashin .22 da aka riga aka harba, ka juya gindinsa ka duba, babu komai a tsakiya sai tambarin kamfanin da ya yi shi. Tabon yana can gefe, a kan leɓe: 'yar lotsawa guda, kamar an sa farce an danna. Kwanson duka bai wuce milimita 16 ba, harsashin kuwa kafin a harba shi inci ɗaya ne, bai fi gaɓar yatsa ba. Wanda ya saba ganin harsasan soja a hotunan labarai zai ce wannan ai kayan wasan yara ne. Amma a Amurka, inda harbin nishaɗi yake kamar yadda kilisa take a wurin masu doki, babu harsashin da ake harbawa da yawa kamarsa. Da wuya ka sami tsohon gwanin ƙaramar bindiga da ba ya ajiye da guda mai cin wannan ɗan harsashi, komai yawan manyan da ya tara. Dalilin duk yana farawa ne daga wancan tabo na gefe.

Kowane harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanso, albarushi, dalmar da ke fita, da ɗan sinadarin da ke kama wuta idan an buge shi. Wannan na ƙarshe zan kira shi ƙyastu, don aikinsu ɗaya da ƙyastun da kakanni ke tayar da wuta da shi. A manyan harsasai, irin mai milimita 9 da 'yan sanda ke ɗauka a ƙasashe da dama, ƙyastun yana cikin wata 'yar hula ta daban da aka dasa a cibiyar gindin kwanso. A .22 babu hula. Leɓen gindin ne aka naɗe ya zama da rami a ciki. A masana'anta sai a ɗiga sinadarin yana jiƙe, a juya kwanson da sauri kamar mazari har ya shige cikin leɓen ya zagaye, sannan a bar shi ya bushe. Idan an ja kunama, tsinken bindiga ya daki leɓen ya matse shi, sai wuta ta tashi. Shi ya sa ake ce masa mai ƙyastun gefe, ɗayan kuma mai ƙyastun cibiya. Lambar .22 kuwa kaurin dalmar ne a ma'aunin inci, wato kimanin milimita 5.6.

Tunda dole tsinke ya iya lotsa leɓen, dole tagullar kwanson ta kasance mara kauri, kuma tagulla mara kauri ba ta jure matsin wuta mai yawa. Saboda haka harsashin gefe ba ya girma. An taɓa yin manyansa a ƙarni na 19, irin su .44 Henry na zamanin yaƙin basasar Amurka, amma masu ƙyastun cibiya suka kore su daga kasuwa, ƙananan kaɗai suka rage. Wannan rauni shi ne ya zame masa arziki. Tagulla kaɗan, dalma kaɗan, albarushi ɗan mitsitsi, babu hular da za a ƙera daban a dasa: ga arha ta samu. Wuta kaɗan kuma na nufin bindiga ba za ta naushi hannu ba.

Tun asalinsa ma don wasa aka yi shi. A 1845 wani maƙerin bindiga na Faransa, Louis-Nicolas Flobert, ya ɗora 'yar dalma a bakin hular ƙyastu, ba tare da albarushi ba sam, don masu hali su riƙa gwada saiti a cikin falo bayan cin abinci. A 1857 kamfanin Smith & Wesson na garin Springfield a jihar Massachusetts ya ƙara masa ɗan albarushi ya fitar da gajeren .22, tare da wata 'yar libarba mai cin bakwai, wadda ita ce ta farko da kamfanin ya yi. A 1871 aka tsawaita kwanson. A 1887 kuma kamfanin Stevens ya fito da wanda ake kira .22 LR, wato Long Rifle, mai dalma giram 2.6, kuma shi ne har yau ake nufi idan an ce 'yar ashirin da biyu. Bindigar da aka ƙera masa a zamanin kakan kakanka za ta ci wanda aka yi bana. Daga baya an yi masa ƙanne masu zafi, .22 Magnum a 1959 da .17 HMR a 2002, sai dai sun fi tsada, sun fi ƙara, kuma ba su ne mai nishaɗi ke nema ba.

Wanda ya sa ƙaramar bindigar .22 ta shiga gidan talakan Amurka shi ne William Ruger. A 1949 shi da abokinsa Alexander Sturm, wanda ya zuba dala 50,000, suka buɗe ƙaramar masana'anta a Southport ta jihar Connecticut, suka fitar da bindiga a kan dala 37.50, ƙasa da kuɗin bindigar Colt Woodsman da maƙerin bindiga John Browning ya tsara tun 1915, wadda ita ce ke tashe a lokacin. Dabarar Ruger ita ce maimakon a sassaƙo jikin daga dunƙulen ƙarfe, sai a buga fallen ƙarfe biyu a haɗe su da walda. Amma abin da ya fi jan hankalin masu harbi shi ne bututun da saitin duk a kafe suke wuri ɗaya, ɗan ƙarfen ciki ne kawai ke kai da komowa. Raunin harsashin ne ya ba da damar haka. A yawancin bindigogi masu milimita 9 dole bututun ya kulle da murfin sama, su ja baya tare, ya sunkuya sannan ya saki, wato yana motsi a kowane harbi. Na .22 ba ya bukatar kulle, nauyin ƙarfe da sifirin sun isa, don haka bututu na zaune daram. Shi ya sa .22 mai matsakaicin kuɗi take iya tara harsasai wuri ɗaya fiye da babbar bindigar da ta ninka ta tsada. Sturm bai ci moriyar abin ba, ya rasu a 1951, Ruger kuma ya mayar da jar mikiyar da ke tambarin kamfanin baƙa don makokinsa.

Yanzu ga inda maganar take. Harbi da ƙaramar bindiga ya fi harbi da doguwa wuya nesa ba kusa ba. Doguwa tana jingine a kafaɗa, kunci na kanta, hannu biyu na tallafe da ita. Ƙarama kuwa tana can ƙarshen hannu tana reto a iska. Tazarar da ke tsakanin saitin baya da na gaba takan kasance kimanin santimita 20 ne, wanda ke nufin a nisan mita 25 duk kuskuren da ka yi wajen daidaita su yana ninkuwa sau 125. Rabin milimita, kaurin farce ke nan, ya zama santimita 6 a kan takarda. Sannan ga kunama. A bindigogin aiki da yawa sai yatsa ya sa ƙarfin da ya kai kilo biyu da rabi kafin ta saki, alhali bindigar duka ba ta kai kilo ɗaya ba. Kana danna abu da ƙarfin da ya ninka nauyinsa, kuma ana so kada ya goce ko da kaurin farce. Gwanintar duk a nan ta tattara: yatsa ya ja, sauran hannu kada ya sani.

Abin da ke ɓata wannan shi ne tsoro, ba na zuci ba, na jiki. Ka ba sabon shiga bindiga mai milimita 9. Harbin farko sau da yawa yakan faɗa kusa da tsakiya, domin jikinsa bai san abin da ke tafe ba. Sai ƙara ta tashi a gaban fuskarsa, wuta ta yi walƙiya, mariƙi ya naushe shi a tafin hannu. Daga na biyu jiki ya ɗau darasi. Kafin kunama ta saki, ido ya ƙifta, wuyan hannu ya tunkuɗa ƙasa don tarar naushin da bai iso ba tukuna. Harsasai su fara taruwa ƙasa ta hagu ga mai harbi da dama, ƙasa ta dama ga bahago. Shi kuwa ya rantse saitin bindigar ne ya karkace, kuma iyakar abin da ya gani ya faɗa, don zaburar tana zuwa ne daidai lokacin da idonsa ke rufe, naushin gaske kuma ya biyo baya ya binne ta.

Masu koyarwa suna da dabarar tona wannan. Malami ya cika gidan harsashi a bayan idon ɗalibi, ya cusa na bogi guda, mara albarushi, a tsakiya. Ɗalibi na harbi, tas, tas, sai na uku ya ce ƙyas. Babu wuta, babu ƙara, amma ga bakin bindiga ya duƙa ƙasa kamar kaza ta kai caka. Duk wanda ke wurin ya gani, har shi kansa, kuma daga nan gardama ta ƙare. To abin da harsashin bogi ke yi sau ɗaya, .22 tana yin sa a kowane harbi. Dalmarta giram 2.6 ce, tana tafiya kimanin mita 330 a daƙiƙa ko ƙasa da haka daga gajeren bututu. Ta mai milimita 9 ta kai giram 8, gudunta kuma ya ɗara. Idan nauyin bindigogin ɗaya ne, naushin babbar ya ninka na ƙaramar sau goma ko fiye. Da .22 saitin gaba yakan ɗan ɗaga ya dawo, idon mai koyo a buɗe. Yana ganin inda saitin yake a lokacin da kunama ta saki, har ya kai matsayin da zai ce wannan ya faɗa sama ta dama tun bai leƙa takarda ba, a duba kuma a tarar haka ne. Ranar da mutum ya fara iya faɗin haka, ranar ya fara gyara kansa ba sai malami na tsaye ba.

A wurina wannan ita ce babbar darajar 'yar ashirin da biyu, ta fi arharta. Ina jin takaici idan na ga ana miƙa wa sabon shiga babbar bindiga don a ga yadda za ta girgiza shi, ko shi ya zaɓe ta don kada a ce ya ji tsoro. Zaburar da ya koya a wuni ɗaya zai iya shekara yana kankare ta, wani ma daga ranar ba zai sake komawa filin harbi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannu ma haka.

Arhar ma ba ƙaramin abu ba ce. A kasuwar Amurka harsashin .22 na gama-gari yakan zo a kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na kuɗin mai milimita 9, kuma ana sayar da shi a kwali mai 500 da suke kira bulo. Kuɗin harbi 100 na wancan zai ba ka 300 ko 400 na wannan, ga shi hannu ba ya gajiya da wuri. Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. Sai dai arhar tana da tarko: wanda ya zazzage bulo guda cikin gaggawa bai koyi komai ba sai gaggawa. Sojoji sun daɗe da gane amfanin. A shekarun 1930 kamfanin Colt ya yi wa babbar bindigar sojan Amurka mai lamba 1911 tagwaye mai cin .22, ana kiranta Ace, don a yi atisaye da kuɗi kaɗan. Har yau ana bin wannan hanya. A ƙarshen 2019 kamfanin Glock ya fitar da lamba 44, wadda girmanta ɗaya da sananniyar lamba 19, don mai lamba 19 ya riƙa motsa hannu da mariƙin da ya saba.

Akwai kuma mutanen da in ba don ita ba da sun haƙura da wasan. Dattijon da sanyin ƙashi ya kama wa yatsu ba ya iya jan murfin babbar bindiga baya, amma na .22 sifirinsa mai laushi ne. Haka mai ƙaramin hannu, haka matashin da ke harbi a gaban iyayensa ko malami, tunda dokar tarayyar Amurka ba ta yarda dillali mai lasisi ya sayar da ƙaramar bindiga ga wanda bai kai shekara 21 ba. Mafi yawan harbin nan ma ba gasa ba ne. Amurkawa suna da kalma ta musamman, plinking, da suka ciro daga ƙarar da gwangwani ke yi idan dalma ta same shi: a jera gwangwanaye a gindin tudun ƙasa, iyali su wuni suna kayar da su. Wanda ke son a auna shi da agogo akwai gasar Steel Challenge da aka fara a Kalifoniya a 1981, inda ake bugun faranti biyar na ƙarfe, kuma rukunin .22 na cikin waɗanda suka fi cika.

Kada a ɗauka bindigar koyo ce da ake yaye mutum daga gare ta. A gasar Olamfik, duk ƙaramar bindigar da ke cin albarushi .22 LR ce. Ɗauki gasar harbin sauri ta maza a mita 25. Allo biyar a jere. Mai harbi na tsaye, bindiga a hannu ɗaya, hannun a sunkuye. Fitila ta kunna, ya ɗaga, ya bugi kowane allo sau ɗaya cikin daƙiƙa 8, sannan cikin 6, sannan cikin 4. Daƙiƙa huɗu, harbi biyar, allo biyar, har da lokacin ɗaga hannu. Doka ta ce bindigar kada ta wuce giram 1,400, kunamarta kuma kada ta saki da ƙasa da giram 1,000. Gajeren .22 ake amfani da shi a wannan gasa har zuwa 2005 da aka koma LR. Mata suna da tasu ta mita 25 tun gasar Los Angeles ta 1984. A gasar Faris ta 2024, wadda aka yi harbinta a garin Châteauroux, Yang Ji-in ta Koriya ta Kudu ta ci zinare bayan sun yi kunnen doki da Camille Jedrzejewski ta Faransa an sake karawa, Li Yuehong na Sin kuma ya ci na maza.

Wadda ta fi duka wuya ita ce ta mita 50, inda da'irar maki goma faɗinta santimita 5 ne kacal, kamar bakin ƙaramin kofin shayi, ana harbinta da hannu ɗaya daga nisan da ya kusa rabin filin ƙwallo. A Mosko a 1980 Aleksandr Melentyev na Tarayyar Sobiyat ya ci maki 581 cikin 600. Shekara 34 babu wanda ya wuce shi a duniya, sai a 2014 da Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya ci 583 a Granada ta Sifen. An cire wannan gasa daga Olamfik bayan ta Riyo a 2016, kuma ina cikin waɗanda ke ganin an yi asara.

Mutum biyu sun isa su nuna cewa abin na hannu da natsuwa ne, ba na ƙarfin harsashi ba. Károly Takács sajan ne a sojan Hangari, gwanin harbi. A 1938 gurneti ya fashe a hannunsa na dama, hannun da yake harbi da shi. Ya koma gefe ya koya wa hagu, a 1939 ya dawo ya ci gasar ƙasarsa. Yaƙin duniya ya cinye Olamfik na 1940 da na 1944, ya jira. A Landan a 1948, yana da shekara 38, ya ci zinare a harbin sauri, ya sake ci a Helsinki a 1952. Ɗayan kuwa Mikhail Margolin ne, wanda ya makance tun yana saurayi sakamakon raunin da ya samu a kai. Da lalube ya koyi cikin bindiga, da lalube ya tsara wadda ke ɗauke da sunansa a ƙarshen shekarun 1940, kuma da ita aka horar da masu harbin Sobiyat shekara da shekaru.

Tana da nata aibin, kuma daga wancan leɓe yake fitowa. Wani lokaci sinadarin bai zagaye leɓen duka ba, sai tsinke ya faɗa inda babu komai, harsashi ya ƙi tashi. A bulo mai arha ba abin mamaki ba ne ka ci karo da 'yan ƙalilan haka. Ƙa'ida ita ce a bar bakin bindiga yana kallon allo na ɗan lokaci kafin a buɗe, don akwai wanda ke jinkirin tashi. Dalmar kuma a waje aka shafe ta da kakin maiƙo, yana haɗuwa da toka ya zama dauɗa, bayan ɗaruruwan harbi sai bindiga ta fara cijewa. Leɓen da ya fito waje yana sa harsasai su ƙi jeruwa sumul a gida, shi ya sa yawancin gidajen .22 guda goma suke ci. Kowace bindiga kuma tana da irin harsashin da take so, wanda wannan ta haɗiye wata ta tofar, sai mai ita ya gwada iri uku ko huɗu ya gano nata. Libarba ba ta da wannan tsirfa, in ɗaya ya ƙi sai a juyo na gaba, shi ya sa masu koyarwa da yawa suka fi son irin su Ruger Single-Six ta 1953 ko Smith & Wesson 617 ga ɗalibi. A yawancin masu ƙyastun gefe ba a son jan kunama babu harsashi, don tsinken zai daki ƙarfen bakin rami ya lotsa shi. Ba a kuma sake cika kwanson, an harba an gama. Masu tsofaffin Ruger suna da nasu kuka: warware ta don wanki da sauƙi, mayar da ita ne aiki, har sai da kamfanin ya fitar da Mark IV a 2016 mai buɗewa da maɓalli ɗaya.

Abu ɗaya da ba za ta taɓa koya maka ba shi ne riƙe naushi. Wanda ya saba da ita kaɗai yakan yi sako-sako da mariƙi, ranar da ya ɗauki babba sai ta nuna masa. Colt sun san haka, shi ya sa a wani samfurin Ace suka sa wata dabara da ke ƙara naushin da gangan. Don tsaron kai kuwa ba zan ba kowa shawararta ba, harsashin da kan ƙi tashi ba na ranar tsanani ba ne. Ita kanta arhar ta taɓa gudu: daga ƙarshen 2012, lokacin da fargabar sabbin dokoki ta sa Amurkawa rububin saye, .22 ta ɓace daga kantuna na shekaru, har ana ƙayyade kwali nawa mutum zai ɗauka.

Abin da ya fi damuna shi ne sunan wasa da ke biye da ita. Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. A watan Yunin 1968 da libarba mai cin .22 aka kashe Sanata Robert Kennedy a Los Angeles. Ranar 30 ga Maris 1981, a ƙofar wani otal a Washinton, da wata libarba .22 mai arha aka harbi Shugaba Ronald Reagan. Harsashin ma sai da ya daki jikin mota ya karkato, duk da haka ya shiga ta ƙarƙashin hammatarsa ta hagu ya tsaya a huhu, dab da zuciya. Kakakinsa James Brady, da aka samu a kai, ya rayu da nakasa har rasuwarsa a 2014, kuma da sunansa aka yi dokar 1993 da ta wajabta binciken mai saye kafin dillali ya miƙa masa bindiga. A jikin kwalin harsashin akwai gargaɗin cewa yana da haɗari har nisan mil ɗaya da rabi, fiye da kilomita 2 ke nan. Dalmar tana tsalle a kan ruwa da dutse da busasshiyar ƙasa ta nufi inda ba a aike ta ba, don haka gwangwani ba ya halatta sai da tudu a bayansa. Ƙararta daga gajeren bututu ta haura desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, iyakar da ke iya lahanta ji ko a harbi ɗaya, kuma da yake ba ta da zafi a kunne mutane sukan yi sakaci da toshewa. Ga ƙurar dalma a rufaffen fili, wadda ke bin hannu ta shiga abinci in ba a wanke ba.

Birtaniya ta taɓa tsayawa a kan wannan tambaya ta ko .22 daban take. Bayan kisan yara 16 da malamarsu a makarantar firamare ta Dunblane a Sikotilan, ranar 13 ga Maris 1996, gwamnatin John Major ta haramta ƙananan bindigogi a farkon 1997 amma ta bar .22 a ajiye a kulob. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Tony Blair ta haɗa da ita. Daga nan 'yan wasan Olamfik na ƙasar suka koma zuwa irin su Suwizalan don atisaye, a gida kuma suka riƙe bindigar iska. A Najeriya ma doka ba ta ware ta ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol, ko wane girma, a rukunin haramtattun makamai tare da bindigogin soja, waɗanda ba a riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar iska kuwa tana rukuni na biyu, wanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba wa lasisi, kuma aikin yatsa da na ido a kanta iri ɗaya ne da na .22. Yusuf Dikec, ɗan Turkiyyar nan mai shekara 51 da hotonsa ya karaɗe Facebook a 2024, hannu ɗaya a aljihu, babu wani gilashi na musamman a idonsa, ya kuma ci azurfa tare da abokiyar gasarsa, bindigar iska ce a hannunsa. Dalmarta milimita 4.5, nisan mita 10, da'irar maki goma kuma faɗinta milimita 11.5.